Tukwicin Matuƙin Jirgi

Jama'a, kafin wani ya fara yi min wa'azi a ƙasan rubutun nan, ku bari in rantse muku tukuna: ni Afra ban taɓa buɗe bakina na ce saurayina matuƙin jirgin sama ne ba. Wallahi ban taɓa ba. Kunnen Kakata ne ya ja min, shi da sabis ɗin wayar Gashua.

Sunansa Alamin. Ɗan Gashua ne, yayan ƙawata Shuhada da muke ɗaki ɗaya a jami'a. Ranar da na fara ganinsa buhun shinkafa ne a kafaɗarsa, ya kawo wa ƙanwarsa har ƙofar hostel, ya dire, ya kaɗe rigarsa, ya gaishe ni kamar wata babba. Tun rasuwar mahaifinsu ya tafi Kano neman abin da zai riƙe gida, Allah ya sa ya samu aiki a filin jirgi. Ba a ciki ba, a waje, bakin ƙofar da motoci ke sauke matafiya. Yana sanye da 'yar riga mai ruwan lemo, yana riƙe da amalanken ƙarfe, in mota ta tsaya ya kwashe kaya ya tura har wajen awo, abin da matafiyi ya ga dama ya damƙa masa. Ɗan dako ne dai in za a faɗi gaskiya, sai dai ɗan dako mai guga da turare. Kuma ni ina sonsa, son da in na ga sunansa a waya sai in manta da tuwo a kan wuta.

Da maganarmu ta yi ƙarfi sai na ce bari in fara da Kaka Gaji, mahaifiyar Ummata Huseina, don ita ce in ta ce eh babu mai cewa a'a. Mutuniyar Dagona ce, 'yar masunta, yanzu tana zaune a Gashua gidan Kawu Abbagana. Na kira ta da hantsi ina daga gidanmu a Nguru.

"To, me yake yi, mijin namu?" in ji ta.

"Kaka, kaya yake turawa a filin jirgi."

"Me yake tuƙawa?"

"Turawa, Kaka! Tu-ra-wa! A filin jirgi!"

"Turawa? Jirgin Turawa yake tuƙawa? Allahu Akbar!"

Ƙit, waya ta yanke. Na sake kira, wai ba a samun lambar. Na sake, wai tana kan wani kiran. Ina fa ba za ta kasance kan wani kiran ba! Kafin la'asar labari ya bi ta Jajimaji ya riga ni shiga ɗakin Umma. Ina ɗaga labule na tarar da ita tana rangaɗa guɗa, maƙwabta biyu suna taya ta. Na ce, "Umma, tsaya ki ji," ta ce, "Na ji, 'yar albarka, na ji komai," ta rungume ni har humrarta ta shige min hanci. Ku faɗa min, a wannan halin ta ina zan fara? Magana zarar bunu ce, ta riga ta fita.

Kaka kuwa cewa ta yi abin a jini yake. Wai marigayi kakana ma matuƙin jirgi ne, sai dai nasa na ruwa ne, a fadamar Dagona. Babana, Alhaji Ɗanladi, mai sayar da ƙaro da fatu a kasuwar Nguru, shi ma ya gyara hula ya ce ai gidanmu da jirgi ba baƙon juna ba ne, mahaifinsa da ya zo daga Kano aikin reluwe ya yi a tashar jirgin ƙasa. Na ruwa, na ƙasa, saura na sama, ga shi Allah ya kawo.

Ya kira ni zaure. "Afra, abin da nake ji gaskiya ne?"

Na sunkuyar da kai ina murza bakin mayafi. "Baba, a filin jirgi dai yake aiki..."

"To alhamdulillahi. Tashi ki je."

Na tashi na tafi, jama'a. Nan ne inda na ci amanar kaina. Baba mutum ne da ya yanke hulɗa da abokin cinikinsa na shekara da shekaru saboda ya samu yashi a ƙasan buhun ƙaro. Zai yafe maka asara, ba zai yafe maka rufa-rufa ba. Na san haka sarai, amma da na ga yadda fuskarsa ta washe sai harshena ya yi nauyi. Daga ranar ko shaho ne ya gifta ta saman gidanmu sai Baba ya ɗaga kai. Umma kuwa a unguwa har an raɗa mata suna, surukar Kyaftin. Kullum in ce gobe zan faɗa, goben ta zo in ce jibi.

Ana wata sai ga wata. Kawu Abbagana ya biya wa Kaka Umara, shi zai raka ta, kuma daga Kano za su tashi. Baba ya ce gaba ɗayanmu za mu yi rakiya a motarsa, in ya so ma ya ga yaron nan da idonsa ko daga nesa ne. Kaka ta aiko a faɗa min in sanar da mijinta ya wanke jirgi, ita ce fasinjarsa.

Na shige ɗaki na rufo ƙofa na ɗauki waya.

"Alamin, ranar Alhamis kana aiki?"

"Ina yi mana. Ranar jirgin Umara ce, ranar da muke ganin kuɗi da ido ke nan. Lafiya?"

"Ba za ka ɗauki hutu ba? Ka ce kanka na ciwo."

"Kaina lafiya lau. Afra, mene ne?"

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Daga ƙarshe na rufe ido na tura: "A gidanmu fa kai matuƙin jirgi ne."

Ya turo fuskokin dariya har suka cika min allo. "Wane jirgin? Ni da ko kwale-kwale in na hau sai na yi amai?"

Na kwashe labari na ba shi, tun daga Turawa. Ya yi ta dariya har da saƙon murya, ina jin abokan aikinsa suna tambayarsa lafiya. Can sai dariyar ta ɗauke. Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta sake fitowa.

"Yaushe abin ya faru?"

"Tun farkon hutun nan."

"Kuma har yau ba ki gyara ba."

Sai ya sake turowa.

"Afra, tambaya ɗaya. Kunyar aikina kike ji?"

Wallahi da mari ya yi min da ya fi sauƙi. Na rubuta masa rantsuwa iri-iri, ya ce ya ji. Ya ce shi ba zai ɓuya ba, don da amalanken nan ake biyan kuɗin makarantar Shuhada, kunyar sata ake ji ba kunyar dako ba. Amma ba zai tona ni ba. In muka haɗu zai yi kamar bai taɓa ganina ba, sauran kuma ya rage nawa. Ranar ko abincin kirki ban ci ba.

Rana ba ta ƙarya. Laraba da yamma Kawu ya kawo Kaka Nguru da kayanta, kuma in na ce kaya ina nufin kaya. Jakar Ghana-mas-go biyu, akwati, da ƙullin zani. A ciki akwai bandar kifi ta Dagona, garin barkonon Gashua wanda ko a leda uku ka ɗaure sai ya yi maka sallama, daddawa, kuka, buta, har da muciya. Kawu ya ce, "Iya, a can fa akwai abinci." Ta ce ita ba ta san miyar Larabawa ba, kuma ba za ta je ɗakin Allah da yunwa ba. Ban da wannan duka akwai wani kwanon samira mai jan fure, na kayan aurenta, ta cika shi da zaɓaɓɓen kifi ta ɗaure da ɗankwali. Wannan ba ya shiga but, a cinyarta zai zauna. Na mijinta ne, matuƙi.

Bayan sallar asuba muka ɗau hanya. Na sha laffaya ruwan toka, Umma ta sa aka zana min lalle tun shekaranjiya, ta feshe ni da humra wai kada Kyaftin ya ce 'yan Nguru ba su san gayu ba. Ni kuwa ji nake kamar ragon da aka yi wa wanka ranar Sallah.

Muna wuce Haɗeja Baba ya buɗe karatu.

"Ku saurara. In mun isa, akwai wasu yara masu jan riga a bakin ƙofa. Kada wanda ya bari suka taɓa mana ko tsinke. Wancan zuwan da na yi, wani ya ɗaga jakata daga nan zuwa can, ko gumi bai yi ba, ya tsaya yana min murmushi yana sosa ƙeya. Ni da hannuna da ƙafata!"

Na nutse a kujera.

Kaka ba ta magana da Baba kai tsaye, surukuta ta hana, ko sunansa ba ta kamawa. Sai dai ta kalli taga ta yi magana da iska, iskar ta kai masa. Abin mamaki kuma, in Baba ne ke magana kunnenta garau yake.

"A faɗa wa mai motar nan," ta ce wa taga, "wanda ya ɗauke maka kaya ana ba shi tukwici."

"A faɗa wa Hajiya," Baba ya ce wa sitiyari, "wannan ba tukwici ba ne, ladan dako ne. Tukwici wanda ya kawo maka alheri ake ba."

"Wanda ya raba ka da nauyi ai alheri ya kawo."

Kawu ya ƙunshe dariya a hula. Ni addu'a ɗaya nake yi tun daga Nguru: ya Allah, masu jan riga suna da yawa, ka haɗa mu da kowa ban da mutum ɗaya. Alamin ya taɓa faɗa min layi suke bi, motar da ta tsaya ta wanda ke gaba ce, ba zaɓe ba ƙi.

Muka shiga filin jirgi rana ta take. Motoci, mutane, farin ihrami ta ko'ina. Baba ya taka birki a bakin ƙofa. Na ɗago ido a hankali.

Innalillahi. Shi ne a gaba.

Rigar lemon ta sha guga, hular kansa a karkace kaɗan yadda nake so, hannunsa kan amalanke. Idonmu ya haɗu ta gilashi. Bai ko ƙifta ba, ya kawar da kai ya nufi but.

"Sannunku da hanya, Alhaji. A kawo kaya?"

"A'a! Mun gode. Muna da hannu."

Alamin ya ja baya ya tsaya. Baba ya naɗe hannun babbar riga, ya kama kunnen Ghana-mas-go, ya ce bismillah, ya finciko. Abu biyu suka faru a tare. Ƙashin bayan Baba ya ce ƙas, zip ɗin jaka ya ce fyaat. Ledar barkono ta faɗo ta fashe a kan kwalta, iska kuma ta ce ga ni.

Jama'a, ban taɓa ganin atishawar jam'i ba sai ranar. Umma ta yi, Kawu ya yi, wani Alhaji mai ihrami a motar baya ya yi har mayafinsa ya zame, ɗan sandan da ke korar motoci ya jefar da usur ya kama hanci. Baba na tsaye a lanƙwashe kamar mai ruku'u, ya kasa miƙewa, ya kasa daina atishawa, kowace ɗaya sai ya ce wash. Kaka kaɗai ce lafiya, tana zaune da kwanonta tana cewa barkonon bana ma bai yi zafi ba.

Alamin bai jira izini ba. Ya tallafi Baba ya zaunar da shi a bakin kujera, ya ce a hankali Alhaji, kada ka yi gaggawar miƙewa. Ya tsuguna ya tattare kifin da ya watse yana hure ƙura, ya zaro igiya daga aljihu ya ɗaure jakar tam, idonsa na zubar da hawaye saboda yaji. Ya loda komai a amalanke, shi da Kawu suka shige wajen awo. Ni ina tsaye jikin mota kamar an dasa ni. Ya wuce ta gabana bai kalle ni ba, kuma wallahi wannan rashin kallon ya fi barkonon yi min zafi.

Da ya dawo, da keken guragu ya dawo saboda gwiwar Kaka. Ya durƙusa ya gyara mata ƙafa, ya ɗauko takalminta da ya faɗi ya sa mata. Kaka ta ƙura masa ido.

"Wushe, sannu da aiki, yaro. Ɗan ina ne kai?"

"Ɗan Gashua ne, Kaka."

"Ka ji! Na ce wannan hannun na gida ne." Ta waiga hagu da dama, ta leƙa ta ƙofar gilashi. "Afra, ina mijin nawa? Tun ɗazu muna nan bai fito ya gaishe ni ba?"

Na ce, "Kaka, wataƙila... yana aiki."

"Aikin me? Jirgin ba a tsaye yake ba? Ka ga girman kan masu kuɗi tun ba a je ko'ina ba." Ta yi tsaki, ta ɗago kwanon samira. "To ya yi wa kansa. Ungo, yaro, tukwicinka. Kifin matuƙi ne, rabonka ya rantse."

Alamin ya dubi kwanon, ya sa hannuwansa a baya, ya ƙara durƙusawa.

"Kaka, ki bar shi. Allah ya karɓi ibada."

"Me ya ce?"

"Ya ce ki bar shi!" in ji Kawu da ƙarfi.

"Raini ne don ba kuɗi ba ne? Kifin Dagona ne fa, ba na ƙanƙara ba!"

"Ba raini ba ne, Kaka. Ba zan iya karɓa ba ne."

Ta miƙa, ya noƙe. Ta sake miƙawa, ya sake noƙewa. Abokan aikinsa da ke layi suka zuba ido, wani har ya ce, "Alamin, kifi ne fa!" Sa'ata ɗaya Umma na tsakiyar atishawa, Baba kuma na fama da bayansa, ba wanda ya kama sunan. Kawu ya duba agogo ya ce za a rufe awo, Iya mu tafi. Kaka ta dangwara min kwanon a hannu cikin fushi, ta gyara hijabi, ta kalli sama ta yi magana da iska yadda kowa zai ji.

"Ni dai tun ina yarinya a bakin ruwa na san abu ɗaya. Ɗan dakon da ya ƙi tukwici, ko ɓarawo ne ko suruki."

Kawu ya tura keke, ƙofar gilashi ta buɗe ta haɗiye su. Ko bankwanan kirki ba mu yi ba. Aka bar mu mu huɗu: ni, Umma, Baba, da Alamin. Sai kwano.

Baba ya miƙe a hankali yana dafe da ƙugu. Ya shafa aljihun dama. Ya shafa na hagu. Ya leƙa but.

"Kai, tsaya nan. Ni ɗan kasuwa ne, na yi hulɗa da 'yan dako tun ba a haife ka ba. Ban taɓa ganin wanda ya mayar da hannun kyauta baya ba. Huseina, duba jakarki. Me ka ɗauka?"

"Ban ɗauki komai ba, Alhaji."

"To me ya hana ka karɓa?"

Alamin ya sunkuyar da kai. Bai kalle ni ba, ko da wutsiyar ido. Ya yi min alkawari ba zai tona ni ba, kuma na gane a tsayuwarsa cewa ko za a tafi da shi ofis a cire masa rigar nan a gaban abokansa, ba zai buɗe baki ba. Baba ya ɗaga hannu yana yafito ɗan sandan nan mai atishawa. Mutumin ya fara tahowa.

Ban san lokacin da muryata ta fita ba.

"Baba, na biyun ne!"

"Na biyun me?"

"Abin da Kaka ta faɗa. Ba ɓarawo ba ne." Hawaye suka ɓalle min, kuma wannan karon ba na barkono ba ne. "Shi ne Alamin. Baba, turawa na ce, ba tuƙawa ba. Kaya yake turawa. Kaka ce ba ta ji ba, ni kuma na yi shiru. Laifina ne, ba nasa ba. Kuma ni shi nake so, da rigarsa da amalankensa."

Umma ta dafe ƙirji. "Kyaftin? Wannan ne Kyaftin ɗin? Na shiga uku ni Huseina, me zan ce wa matan unguwa?"

Baba ya sallami ɗan sandan da hannu. Ya dubi rigar lemo, ya dubi amalanke, ya dubi gwiwar wandon Alamin da ta yi ja da yaji. Ya daɗe yana kallo.

"Ana shirin kama ka, me ya sa ba ka yi magana ba?"

"Maganar ba tawa ba ce, Alhaji. Tata ce."

"Kifin fa?"

"A gidanmu ba a koya mana karɓar lada a gidan da muke neman iri ba."

Baba ya juyo gare ni. Ya karɓi kwanon daga hannuna, ya tura wa Alamin a ƙirji.

"Karɓi. Ka yi dako, ci haƙƙinka. Ba ka zama suruki ba tukuna."

Alamin ya sa hannu biyu ya karɓa. Baba ya shiga mota da ƙyar, muka bi shi.

Tukuna. Jama'a, daga Kano har Nguru kalmar nan nake taunawa. Tukuna ta "saura kaɗan" ce, ko tukuna ta "ka makara"? Umma na baya tana lissafa matan da za su yi mata dariya, tana atishawa tsakanin suna da suna. Baba bai kunna rediyo ba. Sai da muka tsaya sallar la'asar a Haɗeja, yana ɗaure takalmi, ya yi magana ba tare da ya dube ni ba.

"Ba aikinsa ne ya ɓata min rai ba, Afra. Shirunki ne. Na tambaye ki a zaure."

Na durƙusa a wurin na ce ya yafe min. Ya ce in tashi mutane na kallo. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Na tura wa Alamin saƙo, ya amsa da kalma biyu: "Na gode." Na rasa ko daɗi zan ji ko kuka zan ƙara, sai na haɗa duka.

Washegari da hantsi gidanmu shiru kamar an yi rasuwa. Baba na rumfa kan tabarma, an shafa masa man zafi a baya, yana shan kunun tsamiya. Ina shara a hankali don kada tsintsiya ma ta yi laifi. Sai wayar Umma ta yi ƙara, saƙon murya daga lambar Kawu. Umma ba ta iya sauraron saƙo a kunne ba, sai ta buɗe murya har ƙarshe. Muryar Kaka ta cika tsakar gida.

"Yana ɗauka? To. Huseina, mun sauka lafiya. Ba ni Afra. Afra! Ke da hankalinki? Na ga mutumin naki. Da jirgi ya tsaya na ce ba inda za ni sai an fito min da matuƙi, Abbagana yana ta ja na, na riƙe ƙofa. Aka fito da shi. Afra, tsoho ne! Sanƙo har ƙeya, gemu fari fat, ja kamar gautan Bature, ko Hausa ba ya ji. Na ce masa wushe, ya washe min haƙora. Wannan ai sa'an kakanki ne! Me kika gani a jikinsa? Jirgin? To ni na fasa, ban yarda ba, ko sama ta bakwai yake zuwa."

Umma ta toshe baki da gefen zani. Baba ya tsaya da ludayi a hannu.

"Ki saurare ni. Yaron nan na bakin ƙofa, ɗan Gashua, wanda ya sa min takalmi. A nemo shi. Na yi tunani a cikin jirgi, wannan idon ba na ɓarawo ba ne. In bai da mata, shi na zaɓa mana. Kuma a faɗa wa mai gidan nan kada ya ce min wai ɗan dako ne. Aikin reluwen da ubansa ya yi, ni na san shi. Da gammo ya yi shi. Kifinmu na Dagona ya sha ɗauka a ka zuwa tarago, kuma Allah ya jiƙansa, bai taɓa ƙin tukwici ba. Abbagana, kashe, kuɗi na tafiya."

Kunu ya sarƙe Baba. Ya yi tari, ya yi tari, sai tarin ya juye dariya. Yana dariya yana riƙe baya yana cewa wash, har hula ta faɗo. Da ya lafa na ga idonsa ya yi ja, ya goge da hannun riga ya ce a hankali, "Allah ya jiƙan Malam. Har ya rasu tsakiyar kansa ba gashi." Ya juya ludayi a kofi.

"Afra."

Na yar da tsintsiya. "Na'am, Baba."

"Kifin tukwici ne, ya ci halalinsa." Tukwici ya ce, jama'a, da bakinsa, ba ladan dako ba. "Amma kwanon na Hajiya ne. Ki faɗa masa a Nguru ake dawo da shi. Kuma kwano irin wannan yaro ba ya kawo shi shi kaɗai, da manya ake rakowa."

Umma ta buɗe baki za ta yi guɗa, ta tuna matan unguwa, ta rufe, sai kuma ta ce oho musu ta sake ta gaba ɗaya.

Na ruga ɗaki na tura wa Alamin saƙon. Ban gama ajiye numfashi ba amsa ta shigo. Hoto ne: kwanon samira mai jan fure, an wanke shi tas, an cika shi da goro fari da ja har murfi ya ƙi rufuwa.

"Tun jiya na saya," ya rubuta. "Na ce ko za a kore ni, kwanon Kaka ba zai koma wofi ba."

Na rungume wayar ina dariya ina share hanci. Sai ga wani saƙon.

"Amma Afra, ni ba ruwana. In ta dawo, ke za ki faɗa mata cewa tsohon da ta fasa da yaron da ta zaɓa duk ni ne. Kuma don Allah wannan karon ba a waya ba."